Gwiwoyin Tabawa

Duk wanda ya san layin masu albasa a Zongon Kwatano ya san Tabawa mai ƙosai. Da sassafe take hura wuta a bakin hanya, inda direbobin manyan motoci ke shan shayi, kuma kafin rana ta ɗaga ta kife kaskonta. 'Ya'yanta uku, mijinta gyaran keke yake yi. Ba ta da yawan magana. Abu ɗaya ake faɗi a kanta: ba ta yarda yaro ya durƙusa mata. Ko 'yar cikinta ce ta rusuna, sai ta ce, "Miƙe." Matan unguwa na cewa rashin kunya take koya wa yara. Ni na san dalili, don a gidanmu aka ƙulla shi, kuma ni ce mai riƙe labaran gidanmu, har da waɗanda aka fi so a manta.

A 1975 ta iso Kwatano da babanta, Malam Barau, daga wani ƙauye na ƙasar Daura, bayan fari ya cinye musu gero da dabbobi. Uwarta ta rasu tun can. Mu jikokin fatake ne, nan aka haifi kakanmu, muna da takardun ƙasa da gidan siminti. Baba ya ba su ɗakin baya, inda ake ajiye gawayi a da. Malam Barau ya shiga dako a kasuwar Dantokpa.

Baba ne ya matsa a sa ta lakwal, wato makarantar boko. Malam Barau ya ce, "To, Alhaji, ta koyi karatun takarda, in wasiƙa ta zo daga gida ta karanta mini. Amma ran da na ga abin da ban gane ba, ta dawo." Ita ma Tabawa karanta wasiƙun nan take so. Ta bar kakarta a ƙauye.

Shekararta goma, aka zaunar da ita cikin 'yan shekara bakwai, benci ɗaya da yayata Ramlatu. Ta fi kowa tsawo. Kakinta na lakwal na gwanjo ne, ga zane a kumatu. Yara suka samu abin yi. "Baƙauya, mage ce ta yakushe ki?" "Doguwa, ina mijinki?" In ta buɗe baki su kwaikwayi Hausarta.

Amma gaisuwa ce ta fi jawo mata. Lokacin gwamnati ta ɗaura yaƙi da sarauta da duk abin da ya yi kama da ita. A lakwal ba a sunkuya wa kowa. Tsaye ake yi ƙyam, a ɗaga dunƙule, a ce wa malami Kamarad. Mu 'yan Zongo mun iya abin: a gida mu tsuguna wa Baba, a ƙofar lakwal mu miƙe. Ita ba wanda ya gaya mata. Ranar farko ta zube gaban malaminsu, Kamarad Badarou, ta ce, "Ina kwana, Malam." Aji ya fashe da dariya.

Ta sha wuya kafin gwiwoyinta su daina lanƙwashewa da kansu, amma ta koya. Karatu kuwa kamar da ƙishirwarsa ta zo. Kafin wata shida Kamarad Badarou ya dawo da ita bencin gaba. A gida Baba ya riƙa cewa, "Ramlatu, ba ki jin kunya? Yarinyar da ta zo jiya!"

Sai aka ce sufeton makarantu zai zo, kuma Tabawa ce za ta yi karatu a allo gabansa. Malamin ya yi dogon bayani da Faransanci, ba duka ta kama ba. A hanyar gida ta tambayi Ramlatu.

"Dattijo ne," in ji Ramlatu, "ya girmi Baba. Kamarad ya ce ki fara gaishe shi irin ta garinku, har ƙasa."

"Ai an hana."

"Wa malamai aka hana. Wannan ya wuce nan. Ko so kike a ce ba ki da tarbiyya?"

Washegari mutumin ya shigo, kansa fari fat. Aji ya miƙe, dunƙule sama, aka yi kirarin juyin juya hali: "Ehuzu!" "Dandan!" Tabawa ta fito, ta cire silifa, ta kai gwiwa biyu ƙasa, ta sunkuyar da kai. Sannan wani ya tuntsire, sauran suka bi. Sufeton bai ko kalle ta ba. Ya tambayi Kamarad Badarou ko 'yan gwagwarmaya yake renowa ko bayin sarki, ya rubuta wani abu, ya fita. Karatun da ta kwana uku tana bita ba wanda ya ji shi.

Malamin ya tambaye ta wa ya sa ta. Ta ƙi faɗa. Ya maimaita har sau uku. Sai ya yanke mata hukuncin da ake yanke wa kowa a lakwal: ta durƙusa a tsakar fili kan tsakuwa, hannuwa a miƙe, har a tashi.

Da aka fito tara, yara suka jera layi suna wucewa gabanta ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rusuna. "Ranki ya daɗe, sarauniyar Daura!" "Allah ya ja zamanin Baƙauya!" Ramlatu ma ta bi layin.

Da yamma Malam Barau ya ga gwiwoyin, duk sun ɗaye.

"Don kin gaida babba?"

"I, Baba."

"Suka ce ki yi me?"

"Suka ce in durƙusa."

Ya daɗe yana kallonta. Ya ɗauki ardwaz ɗinta, ƙaramin allon rubutu, ya kai wa Baba, ya yi godiya. Baba ya yi roƙo, bai ji ba, Tabawa ba ta sake komawa lakwal ba. A kan wannan allon ni na koyi rubuta sunana. Wasiƙun ƙauye kuwa Ramlatu aka riƙa kawo wa. Ita ta karanta musu wadda ta zo da rasuwar kakar Tabawa, ta gama ta koma wasanta.

Bara, ranar da ake sa wa Ramlatu lalle, ta ba ni labarin nan tana dariya. Sakatariya ce yanzu a wani ofis kusa da tashar jiragen ruwa. "Yarinta ce, Salamatu," ta ce. "Ita ma ta manta."

Na yi kwanaki kafin in iya zuwa wurin ƙosan. Da na isa ban san lokacin da na kai ƙasa ba.

"Miƙe, ƙanwar Ramlatu."

Na miƙe. Na ce, "Yaya Tabawa, na ji abin da aka yi miki."

"Yau kika ji? Ni tun ina kan tsakuwar na gane."

"Me ya hana ki faɗa?"

Ta juya ƙosai, ta tsame, ta zuba wani. "In faɗa, mu koma ina? Ɗakin na babanku ne."

Ta goge hannu a zane, ta zaro wata takarda a naɗe daga ƙarƙashin faranti, duk mai ya ɓata gefenta.

"Tunda kin zo. Malamin 'yata Hauwa ne ya aiko tun shekaranjiya. Karanta mini."

Taron iyaye ne, an yi shi jiya. Na karanta mata a tsaye.