Alhaji ba ya fitar da kumfa

A shekarar da aka yi gasar ƙwallon duniya a Qatar ina tuƙa mota a Doha, mu da yawa a ɗaki ɗaya a Mesaimeer. Maƙwabcinmu wani shugaban masu gadi ne, ɗan bakin gulbi, wanda bakinsa ba ya hutawa, muna kiransa Alhaji. Da matarsa ta zo masa ziyara, sai ya shelanta mana cewa zai nutse a teku da tukunyar iska a bayansa, kuma za mu ga hoto. Alhali ita ce ta daɗe tana roƙon a kai ta nitson, jibi kuma jirginta zai tashi.

Ni na kai su bakin teku, kudu da gari. Ban ga hikimar ɗan Adam ya kutsa inda Allah ya ajiye kifi ba, amma tuƙi aka ce in yi.

Mai koyar da nitso a wurin wata 'yar Filifin ce. Ta sa musu baƙaƙen kayan roba har kai, ta tsayar da su a ruwa iya ƙirji. Sharaɗinta ɗaya: a yi ta numfashi ta bututun tukunyar, kada a riƙe, don huhu na iya fashewa wajen tasowa.

Matar ta nutsa, kumfa na tashi lafiya lau. Alhaji ya nutsa, shiru. Mai koyarwa ta cafko shi.

"Me ya sa ba ka numfashi?"

"A garinmu mai fitar da kumfa kifi yake kora," in ji shi. "Tun ba a haife ki ba nake nitso."

Aka sake, ya sake riƙewa, ya taso idanu jajir kamar gauta, yana tari yana cewa tukunyar ce ba ta da kyau. Mai koyarwa ta ce khalas, wato shi ke nan, ba za ta kai shi zurfi ba.

Ya fizge gilashin fuskarsa. "Ke, fito mu tafi. In ban shiga ba, ba mai shiga."

Matar ba ta motsa ba. "To Alhaji, me za ka nuna wa maƙwabtanka?"

Ya dubi gilashin da ke hannunsa.

"Ka ga kayan nan iri ɗaya ne," ta ce a hankali. "A ƙarƙashin ruwa wa zai gane wane ne?"

Ya waiwayo ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina jan carbi.

Ta tafi da mai koyarwa, suka daɗe. Shi kuwa ya zauna a kan yashi rungume da takalmanta, ƙaton mutum cikin roba kamar salkar da aka cika. Da ta fito tana haki tana cewa, "Alhaji, ikon Allah! Kifi har da mai ruwan ɗorawa!" bai ko ɗaga kai ba. Hotunan da mai koyarwa ta ɗauke ta kawai ya nema.

Ranar Juma'a muna shan shayi a kasuwar Souq Waqif ya zaro waya, aka yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu. Ga mutum nan cikin ruwa, kumfa na tashi bisa kansa, ya miƙa hannu wajen wani kifi. Wani dattijo a cikinmu ya ƙura wa hoton ido, ya buɗa shi da yatsu biyu, ya mayar masa.

"Masha Allah, Alhaji. Wa ya yi maka lallen nan?"