Kawu Sale da Ƙaton Kan Dutse

Ku da kuka zauna a unguwar Nakkasa ta Makka a shekarun sittin kun san Kawu Sale mai tsire ba ya naɗe wa mutum nama sai ya ɗaga takardar ya duba ta ciki da bai. Kana tsaye yunwa na cin ka, shi yana kallon hoto. Tsofaffin mujallun Larabci yake tsintowa a masaukan alhazai in sun watse, don a wajensa sayen takarda almubazzaranci ne.

A haka ya gamu da mutanensa. Wata la'asar ya faɗo gidanmu da shafi ɗaya a hannu, ko sallamar kirki bai yi ba. Ni 'yar ƙanwarsa ce, haifaffiyar Makka, ni ke karanta masa rubutun jarida, shi karatunsa na allo ne. A shafin akwai hoton wani ƙaton kai na dutse, ya fi mutum tsawo, hanci a baje, leɓe mai kauri.

"Habiba, dubi nan. Wallahi Baffa Ilu na ƙauyenmu ne, har hararar."

Na karanta masa. Wasu mutanen dā ne a ƙasar Meziko, ana ce musu Olmek, su suka sassaƙa kan. Bayan zamaninsu aka yi wasu, Maya, masu dogayen gine-gine kamar matakala da rubutu da lissafin taurari. Mujallar ta ce ana ganin Maya sun gaji abubuwa da dama daga Olmek, kamar ƙidayar kwanaki da wasan ƙwallon roba, kuma duka masara ce tuwonsu. Na rantse masa ba inda aka ambaci Baffa Ilu. Ya ce ai marubucin bai taɓa zuwa ƙauyenmu ba.

Sai labarin ya yanke, ashe ya riga ya naɗe wa wani alhajin Jawa, ɗan Indonesiya, tsire da shafi na biyu. Kawu da tsufansa ya bar wuta da nama, ya bi bawan Allah har gangare, ba ya jin Jawanci, wancan ba ya jin Hausa. Ya dawo da takardar, mai da ƙuli sun cinye rabinta, daidai wajen da aka faɗi abin da ya ƙarar da Olmek. Har ya koma ga Allah yana cewa ɗan Jawa ya san sirrin.

Daga ranar ya raba unguwa gida biyu. Duk wanda ya tako da ƙafa daga ƙasar Hausa ya ratsa Sudan, irinsa, Olmek ne. Mu 'yan makaranta da aka haifa a nan, Maya. In mijina ya zo da biro a aljihu yana zuba Larabci, sai Kawu ya ce ga Maya nan, sun gaji komai, sun ƙara ado, suna yi kamar su suka ƙago. Limamin unguwa ya yi masa faɗa a kan ajiye hoton gunki a garin Makka. Kawu ya ce, "Ya Shehu, ba bauta nake ba, zumunci nake." Liman ya juya baya don kada a ga dariyarsa.

Amma akwai layi ɗaya a takardar ɗan Jawa da mai bai ci ba. Layin ya ce sunan Olmek ma wasu ne suka laƙaba musu daga baya, ba wanda ya san yadda suke kiran kansu. Kawu ya sa na maimaita. Sannan ya ce, "Duk girman kan nan, ba wanda ya riƙe sunan mai shi?" Ranar na gane tsoro yake ji, kuma ya ba ni tausayi.

Kashegari ya kafa doka: ɗan Bahaushe ba ya samun yaji sai ya faɗi garin kakansa. Yara suka yi ta komawa gida tambaya. Ɗana Faisal da aka tsare ya ce, "Makka." To, wa zai yi musu da Makka? Kawu ya barbaɗa masa ɗan kaɗan yana gunaguni.

A maƙabartar Ma'ala aka binne shi, kun san ba a rubuta suna a kan kabari. Ko dutse ɗaya bai bari ba. A akwatinsa muka tarar da shafin nan, a gefen hoton ya rubuta da ajami: Salihu ɗan Musa, Rijiyar Bagaruwa. Jikokina Hausarsu ta karye, amma wannan sun haddace, don har yau ba yaji a gidana sai da shi.

Ya Allah, Kai ba Ka manta sunan kowa. Ka jiƙan Salihu ɗan Musa na Rijiyar Bagaruwa, Ka yalwata makwancinsa. Amin.