Rayuwar Uwar Ƙorafi, Mai Rubuta wa Hotuna Bayani

An haifi marigayiyar a shekarar 1974 a wani gari na bakin titin jirgin ƙasa, mahaifinta tela ne, mahaifiyarta kuwa ungozoma.

Ƙuruciya da Karatu

Tana aji huɗu na firamare ciwon ido na gado ya makantar da mahaifin yana ɗan shekara arba'in, ita ce kuma ta riƙa zura masa zare a allura har ya haƙura da keken ɗinkin. Da wannan fargaba ta kammala karatun kwamfuta a 1998, domin likita ya shaida mata cewa ita ma ciwon na hanya.

Aiki

A 2003 ta kama aiki a wani kamfanin tsara shafukan intanet. A can ta gano cewa manhajar da ke karanta wa makafi rubutun allo, idan ta iske hoton da ba a rubuta masa bayani ba, "hoto" kawai take cewa ta wuce, ko da sanarwar asibiti ce a ciki. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa: ta duƙufa bin shafi bayan shafi tana rubuta bayanin. Abokan aiki suka laƙaba mata Uwar Ƙorafi, saboda takan kashe musu allo ta ce, "To, sai ku nemo da kunne."

Aure da Iyali

Ta auri wani malamin lissafi a 1996, wanda ya shaida cewa kullum da safe sai ta rufe ido ɗaya ta gwada ɗayan a kalandar bango, kafin ma ta gaishe shi.

Ƙarshen Rayuwa

Ganinta ya ɗauke a 2019. Ta ci gaba da aiki da kunne, tsoronta kullum shi ne a koma gidan jiya da zarar ta kau.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa a 2023 bayan gajeriyar jinya, aka yi jana'izarta washegari. Makafin da ta yi wa hidima ba su halarta ba, domin kamfanin ya wallafa sanarwar ne a cikin hoto mai ado, babu bayani.

Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: babbansu injiniya ne, mai bi masa malamar jinya, sai autar, ɗaliba, wadda tun bara ta fara matso da waya kusa da fuskarta.