Magimfa a Gurbin Baba

Wanda ya bi ta bayan unguwarmu yau, kwata zai gani baƙa ƙirin cike da leda, ba zai yarda an taɓa kiranta ƙorama ba. A shekarun da nake magana, gabanin samun 'yancin kai, ruwa ne mai gudu da ke fitowa daga gindin Goron Dutse, ya ratsa gonakin cikin ganuwa, ya je ya faɗa Jakara. Na ga koguna da yawa a yawona: na duwatsun Jos, na tsaunukan Kamaru da Fulani ke kira mayo, da na Habasha masu ruri a cikin kwazazzabo. Tamu ba ta kai jikar ɗayansu ba, amma halinsu ɗaya. Ruwan da ya sauko daga tudu, da rani da taku ɗaya za ka tsallake shi, da damina ya tafi da jaki har da mangalarsa.

Mahaifina mai lambu ne. Yana da albasa da tumatir da yakuwa a bakin ƙoramar, yana ba su ruwa da jigo daga wani gurbi mai zurfi da ba ya ƙafewa. Idan rani ya tsananta, duk wani mai rai na ƙoramar a gurbin yake tarewa: tarwaɗa, karfasa, kififiya, da wani tsohon guza mai kwanciya a kan saiwar ɓaure. Zalɓe na tsayawa a gefe kamar mai jiran sallah. Tun kakanni dokar unguwa ita ce ba a kamun kifi a gurbin da rani, domin kifin ciki shi ne irin baɗi. Baba ne mai tsaron dokar, ba don wani ya naɗa shi ba, sai don kullum yana wurin.

Ina Jos ina aikin kuza abin ya faru. Wani Alhaji mai fataucin fata ya sayi gonar da ke sama da tamu. Da zai yi walimar tarewa, ya sa aka daka magimfa, ganyen nan mai bugar da kifi, aka zuba a gurbin. Mahaifiyata ta ce kafin azahar ruwan ya yi fari fat da cikin kifi, manya da 'yan mitsi-mitsi waɗanda ko kyanwa ba za ta kula ba. Suka kwashi na kwasa, sauran ya ruɓe a wurin. Baba ya je ya yi magana, Alhaji ya dube shi a gaban jama'a ya ce, "Baba, kifin nan kai ka haife su? In ka yi musu suna, ni dai ban ci ragon ba." Aka yi dariya.

Bai tsaya nan ba. Ya tare ƙoramar da tudun ƙasa, ya karkatar da ita ta cikin gonarsa don wankin fata. Abin da ke isowa lambunmu ruwan toka ne da bagaruwa, albasa ta ƙone a tsaye. Dattawa suka ce a yi haƙuri. Baba ya kwance jigonsa, ya koma zaure yana tufka igiya, bai ƙara taka bakin ruwa ba. Da na dawo na tarar da shi ya rame, idan aka ambaci gurbi sai ya sako wani zance. Ni ban iya irin haƙurinsa ba. Shekara biyu ina gaida Alhaji har ƙasa, ina jira.

Ranar ta zo da ƙafarta. Zai faɗaɗa majemarsa, ya haƙa sababbin ramukan jima da rumbun ajiye fatu a kwarin da ya busar, wato tsohuwar hanyar ruwan. Wani magini ya nuna shakka, sai Alhaji ya aiko a kira ni, tunda an san ni da surutun kogunan da na gani. Na je na zagaya wurin. Komai a rubuce yake ga mai ido. Itatuwan giyayya sun yi layi har saman inda zai yi gini, ita kuwa giyayya ba ta fitowa sai inda ambaliya ke kwanciya. Ramukan guza suna can sama da kaina a jikin gaɓa. Tsuntsayen da ke saƙa sheƙa a kan reshe sun bar rassan ƙasa fayau. A Jos wani tsohon Birom ya koya mini wannan karatun, ya ce dabba ba ta gini inda kakarta ta nutse. Shekarun nan damina ta yi sauƙi ne kawai, shi ya sa tudun ƙasarsa ya tsaya.

"To, Malam matafiyi," in ji Alhaji, "kai da ka sha ruwan duniya, wannan 'yar tsiyayar za ta iya da ni?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, gina abinka. Ba abin da zai same shi."

Ƙarya na yi masa, ina sane, kuma na ci abinci na ƙoshi a ranar. Ya ba ni goro na karɓa.

Daminar farko ba ta yi komai ba, har na fara zargin ilimina. A ta biyu, cikin watan da gero ke fitar da kai, aka kwana uku ana ruwa. Rana ta huɗu da hantsi na ga ƙoramar ta koma ja, tana ɗauko kara da kashin shanu daga sama, kwaɗi suna hawa tudu. Na je majemar na ce wa ma'aikatansa su fito, ruwa na tafe, don ba da su nake ba. Suka ce fatun fa? Na ce su tambayi mai su, na san kuwa yana kasuwar Kurmi. Bayan la'asar tudun ya ɓalle. Na tsaya a gindin ɓauren nan ina kallon ƙiraga da fatun awaki na shekara guda suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, rumbun ya durƙusa ya bi su. Yara suka yi ta tsintar fata har wajen ganuwa.

Da na ba Baba labari, bai ɗago daga igiyarsa ba. Ya tambaya ko an rasa rai, na ce a'a. Ya tambaya ko na san haka za ta faru lokacin da aka kira ni. Na ce na sani. Sai ya ce in miƙo masa ramar da ke bayana. Bai yaba mini ba, bai kuma ce in je in nemi gafara ba, ni ma ban je ba. Na tsufa yanzu, na nemi gafarar Allah a kan abubuwa da yawa, wannan kuwa har yau idan na tuna fatun nan a kan ruwa sai in ji sanyi a raina.

Alhaji ya sayar da gonar ya koma wajen gari. Ambaliyar ta cike gurbin da yashi da tarkacen gininsa, bai ƙara riƙe ruwa da rani ba. Daga wannan shekarar aka daina lambu a bakin ƙoramar, aka yanka wurin filaye.