Kaset na Goma Sha Uku

Na gaji da jin ana kiran Malam Hassoumi "tsoho mai kallon wasan yara". Masu faɗin haka a unguwarsa ta Banikanni, da yawansu a kan bencin shagonsa suka girma, majina na zuba yana kore musu ƙuda. Yau sun sa manyan riguna sun manta. Ni ban manta ba, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Sunana Rabi'a, atamfa nake sayarwa a unguwar Albarika, nan Parakou. Malam Hassoumi mutumin Gaya ne, ya shigo Parakou yana saurayi a bayan motar albasa. Ya koyi gyaran rediyo, daga baya tele da manyeto, na'urar nan ta kallon kaset. Da wannan yake ci. Amma abin da ya shiga ransa shi ne tara kaset-kaset na desen anime, wato katun na Japan, irin na da, waɗanda aka juya zuwa Faransanci. Duk inda ya ji mai hayar bidiyo zai rufe shago, ko a Cotonou ne, sai ya hau mota ya dawo da kwali a ka.

Kowane kaset sai ya kwance shi, ya goge funfuna da auduga da alkol, sinadarin nan na goge rauni, ya bar shi ya sha iska, sannan ya kalla. Kallon farko kuma ba murya. Asalin abin, lasifikar telen shagon ce ta mutu, shi kuma mai gyara bai taɓa samun lokacin gyara nasa ba. Daga baya ya mai da shi ƙa'ida. Ya ce masu juyawa surutu gare su, da baki suke rufe lalacin mai zane. "In na kashe murya na gane wa ke fushi, wa ke ƙarya, wa ke kewar gida, to an yi aiki." Sai ya ɗauki alli ya ja layi a gefen kaset. Layi ɗaya, a ba yara su yi shiru. Biyu, ya yi kyau. Uku kuwa, a shekara talatin labaran da suka samu ba su kai goma ba.

'Yata Shakira sanƙarau ya kama ta tana shekara biyar. Ta tashi, amma kunne ya tafi. Ta daina wasa, ta koma zaman bayan ƙofa, duk wanda ya taɓa ta sai cizo. Ranar da na kai telenmu gyara ina janye da ita, don ba mai yarda a bar masa ita. Muna shiga ta tsaya cak gaban telen shagon. Yara huɗu na kan benci suna kallo, kuma ba wanda ke jin abin da ita ba ta ji.

Na ja hannunta. Malam ya ce, "Maman Shakira, bar ta."

"Malam, cizo take yi fa."

"Ni ma ina da haƙora. 'Yan kaɗan dai."

Ya ara mana tsohon manyeto da wani labari mai layi uku: wata yarinya mai kai wasiƙu tsakanin tsibirai a kwalekwale, kowane wata tana ɗauko wasiƙa marar suna, tana neman mai aiko ta. Kaset goma sha uku ne, shi kuma goma sha biyu gare shi. Dokarsa ba ya ba da labari marar ƙarshe. Saboda Shakira ya karya ta. Ya durƙusa gabanta ya ƙirga mata da yatsu, ya nuna gurbin na ƙarshe, ya dafa ƙirjinsa: zai nemo mata shi.

Daga kallon nan ta fara zane a bayan kwalin atamfa. Daga zanen na fara gane abin da take so ta faɗa min. Yau ita ke zana wa teloli uku na Albarika aikin wuyan riga, kuma layi suke bi. To a zo a gaya min wasan yara!

Shekara goma sha tara Malam yana neman kaset na goma sha uku. Faifai ya zo ya wuce, waya ta cinye komai, shi yana nan. Duk sallah in Shakira ta kai masa abinci sai ta ɗaga masa gira, shi kuma ya buɗe tafin hannu: tukuna. Bara, ƙarshen damina, ya kira ni a waya. Ya samu, a kwalin wani tsohon malamin lekol, wato makarantar boko, a Porto-Novo. "Funfuna ta ci shi, ba ni mako biyu."

Kwana goma bayan nan ya faɗi a shago. Ɓarin jiki ya shanye, baki ya tafi. Ƙanensa Usuman ya zo ya tafi da shi Djougou, ya kwashe kayan shagon duka. Ni ina Lomé sarin kaya. Sai da na dawo na ji, muka kama mota ni da Shakira.

Zan yi wa Usuman adalci: shi ke yi wa wansa wanka da hannunsa, ɗakin tsaf. Amma da na tambayi kaset-kaset, sai ya ce buhu shida ne, ya ba abokinsa Abdoulrahim huɗu. Shinkafa ta nuna, tsuntsaye sun dame shi. Manoma kan zare zaren kaset su ɗaure a sanduna, iska na kaɗawa yana ƙyalli yana kuka, tsuntsu ya tsorata.

Na ce, "Ka kai aikin shekara talatin gona?"

"Hajiya, ai ba mai kallonsu yanzu. Ko banza sun yi amfani."

"Kai ma ba mai kallonka, mu kai ka gona mu kafa?"

Matarsa ta yi dariya a kicin, shi bai yi ba. Na hau zem, babur ɗin haya, na tafi gonar. Wallahi abin da kyau, kuma wannan ya fi ba ni haushi: fadama guda tana walƙiya. A gindin mangwaro ga tulin ɓawon kaset, layukan allin Malam a jikinsu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina neman lamba goma sha uku. Babu. Na dawo na zazzage buhu biyun da suka rage a tsakar gida. Babu.

Na zauna a ƙasa. Ban san yadda zan gaya wa yarinyar nan ba.

Ita kuwa tana ɗaki gaban Malam. Tun zuwanmu yake wani abu da hannunsa mai lafiya: ya miƙe tafin, ya tura shi ƙarƙashin hannun da ya mutu. Usuman ya ce abinci yake nema, mako uku ke nan kullum haka, a kawo tuwo ya kau da kai. Shakira ta kalli hannun sau ɗaya. Ta tashi ta nufi lungu inda aka ajiye manyeton shago, an ɗora masa kwanon goro. Ta tura ɗan murfin bakinsa da yatsa, ta leƙa, ta juyo ta kalle ni.

Kaset ɗin yana ciki. Kallon farko yake yi masa ranar da ya faɗi, masu kwashe kaya suka zare wuta suka ɗauka haka nan.

Bayan la'asar aka haɗa da telen gidan. Usuman ya kai hannu zai ƙara murya, Malam ya bugi tabarma da ƙarfin da ban san ya rage masa ba. Haka muka kalla shiru, mu biyar. Hoton na rawa daga sama, wani wurin ya yi fari ya dawo. Ba zan faɗi wanda ke aiko wasiƙar ba. Mu shekara goma sha tara muka jira, mai so ya zo Albarika.

Da ya ƙare, Shakira ta share ido, ta ciro allin tela daga jakarta, ta ja layi a gefen kaset. Ɗaya. Biyu. Ta mai da allin jaka.

Na daka mata duka a kafaɗa, na nuna mata da hannu: duk wahalar nan, biyu? Ta murguɗa baki, ta nuna cewa an yi gaggawar ƙarshen, fuskokin ba su faɗi komai ba. Na juya in ba Malam haƙuri. Sai na ga rabin bakinsa na dariya, hawaye na bin kunci, ya ɗaga yatsu biyu.

Buhu biyun nan suna ɗakina yanzu, a saman kantar kaya, sama da atamfa mafi tsada. Duk wata Shakira na ɗaukar kaset uku ta kai Djougou su kalla tare, kuma Usuman ya koyi barin murya a kashe. Malam Hassoumi, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya. Masu cewa wasan yara kuwa, kada wanda ya zo min aro.