Malam Sada Kafinta Bai Kai Gida Ba

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsugune a bayan sito ina shan koko. In kun ga kuskure a rubutun nan ku yi haƙuri.

An kashe Malam Sada kafinta jiya da yamma a kan hanyarsa ta komawa gida.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Foman ɗinmu ne aka kira. Na ga ya cire hular kwano ya zauna a kan bulo, ba abin da yake cewa sai "Ina? A ina?" Da ya kashe wayar ya dube mu ya ce za a yi jana'iza a Ruwan Godiya bayan an sauko Juma'a. Motar ɗan kwangila za ta kai duk mai zuwa.

Ta hanyar da aka tare shi za a bi. Babu wata.

Ba zan ɓoye muku ba, tsoro nake ji. Tun ɗazu nake zagaye motar nan ban iya sa ƙafa ciki ba. Shi ya sa na zauna na ɗauko waya, ko in na rubuta wani abu a kansa zan ɗan samu sauƙi.

Ga waɗanda ba su san shi ba, tare muke aiki a wata kwaleji a nan yankinmu. Mun fara da gyaran tsohon hostel ɗin da iska ta yaye wa rufi, yanzu kuma sabon ɗakin lacca muke ginawa, mai bene. Ni wayarin nake yi. Shi ne babban kafintanmu, dattijo dogo, mai ƙafa kamar faranti da dariyar da ake jiyowa daga bakin get.

Bai taɓa kirana Bishir ba. Kullum "Ɗan Nefa". Ko janareta ne mai ya ƙare masa, sai ka ji shi daga saman rufi: "Ɗan Nefa, kun ɗauke ko? Halinku ke nan!"

Duk mai wayarin ya san rigimar da ke tsakaninmu da kafintoci. Su kafa katako ya yi kyau, mu zo mu ce a huda mana. Wasu har zagi. Malam Sada kuwa tun kafin ya buga ƙusa zai aiko a kira ni in nuna inda fitila za ta zauna da inda fanka za ta rataya. Ya huda da kansa, ya ce, "Ka gani, na rage maka zunubi."

Hajiya mai abinci da ke bakin get, bencin da muke zama a kai mu ci shinkafa da wake shi ya haɗa mata da ragowar katako. Da ta ce nawa ne, cewa ya yi a ƙara masa yaji.

Da kaka ta yi, gyaɗa ya zo da ita daga gonarsa cikin buhun siminti da ya wanke. Muka yi ta ci muna tsokanarsa wai ɗanɗanon siminti muke ji. Bai hana mu cinyewa ba.

Akwai sanda zazzaɓi ya kwantar da ni a ɗakin da muke kwana a wurin aiki. Ya cire gidan sauronsa ya ɗaura mini, shi ya kwana yana tafa hannu yana kashe sauro. Da safe na yi godiya ya ce in yi shiru, nishina ne ya hana shi barci.

To, ga abin da ya faru.

Da aka fara aikin benen, ɗan kwangila ya raba mana takalmin sefti, baƙi mai igiya, mai ƙarfe a baki, saboda ƙusa da rodi. Takalmi ne mai kyau. Amma mu mutanen nan mun san da me ya yi kama. Daga nesa, a kan mashin, ba wanda zai bambanta shi da na jami'an tsaro. Mutanen daji kuwa in sun tare hanya, ƙafa da kafaɗa suke fara dubawa, ko za su ga takalmin ko shaidar rataya bindiga.

Don haka muka yi wa kanmu doka, mu 'yan Kankara da 'yan Faskari da 'yan Sabuwa. Ba a fita get da shi. In ka zo da safe ka ajiye silifas ɗinka a sito ka sa takalmin aiki, in an tashi ka musanya. Malam Sada ne ma ya fi kowa tsanani a kai. Na sha ganin ya tsayar da lebura a bakin get ya ce, "Koma ka tuɓe. Uwarka na son ka."

Jiya aka zuba dakin, wato kankaren da ya zama rufin ƙasa kuma daɓen sama. Wanda ya taɓa aikin gini ya san ranar nan ba ta da wasa. In aka fara ba a tsayawa sai an kai ƙarshe, don in wani ɓangare ya bushe kafin a haɗa shi da wani, nan ne ruwa zai riƙa bi har abada. Ni ina sama ina gadin bututun wayata kada masu ɗaukar kankare su tattake. Shi yana ƙasa cikin gorar da aka tokare katakon da ita, yana bi yana dubawa kada wata ta goce.

Miksa, injin kwaɓa kankare, ta lalace mana da rana, aka koma kwaɓi da shebur. Aikin da ya kamata a gama da azahar sai da ya wuce la'asar.

Shi kuma dole ya je gida. 'Yarsa ta fari ta haihu, yau da safe suna. Jikansa na farko. Sati guda yana damun mu da zancen, har 'yar kujera ya sassaƙa wa mai jego ya goge ta tas, ya ɗaura mata igiya yadda zai rataya a baya.

Da ya fito daga ƙarƙashin dakin, fari fat da ƙurar siminti, ya nufi sito ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Mai sito ya bi mota cikin gari neman ƙarin siminti da makulli a aljihunsa. Aka kira shi, ba sabis.

Malam Sada ya ɗaga kai ya dubi rana. Mai mashin ɗin da zai kai shi yana ta hon a bakin get.

Ina da wasu tsofaffin silifas a ɗaki, na ruga na ɗauko. Ya zura ƙafa, rabin diddigensa a waje. Muka fashe da dariya, har da shi.

"Wannan ai na yaye ne, Ɗan Nefa. In na hau mashin da su iska za ta kwashe."

Na ce, "Malam, to ka kwana mana, ka yi sammako."

Ya ce, "In kwana, wa zai raɗa ma yaron suna? Bari ka gani." Ya mayar da takalmin aikin, ya sunkuya ya saki ƙafar wandonsa ta sauko ta rufe igiyar takalmin. Ya taka ya juya. "Mi ka gani?"

Na ce ban ga komai ba. Kuma wallahi a tsaye ba a ganin komai.

Ya rataya kujerar, ya ce zai kawo mini naman suna in na yi alkawarin ba zan ɗauke wuta ba. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Abin da ba mu tuna ba, daga ni har shi, in mutum ya hau mashin wando hawa yake yi.

Mai mashin ɗin yana raye. Sun doke shi sun karɓe mashin, ya ƙarasa wani ƙauye da ƙafa. Shi ya ba da labari. Ya ce daga cikin gonar dawa suka fito, kuma tun kafin mashin ya gama tsayawa ɗayansu ya nuna ƙafar Malam. Malam ya ce shi kafinta ne. Ya buɗe musu tafin hannunsa su ga kanta, ya ce ga guduma nan cikin jaka, ga kujerar mai jego. Ba su saurare shi ba.

Ba zan rubuta sauran ba.

Yanzu haka wurin aikin nan tsit yake. Ba wanda ya sa takalmi yau, kowa da silifas, wasu ma ƙafa ba komai. Mai sito yana zaune a bayan tankin ruwa yana kuka kamar ƙaramin yaro, an rasa mai ba shi haƙuri ya ji. Wasu 'yan Sabuwa sun ɗaure kayansu, sun ce ko gida ko nan, ba su san inda ya fi ba. Na leƙa ƙarƙashin dakin, gorar nan na tsaye reras yadda ya jera ta. Ban iya daɗewa ba na fito.

Ɗalibai sun zo wucewa suna ɗaukar hoton ginin, suna murna an rufa. Ba su san komai ba, kuma ban iya gaya musu ba.

Ɗazu Inna ta kira ni daga Yargoje. Labari ya kai mata cewa an kashe wani ma'aikacin kwaleji, ta ɗauka ni ne. Da ta ji muryata ta yi ta hamdala. Da na ce mata za mu jana'iza, nan take muryar ta canja.

"Ba ka tahiya, Bishir. Ka yi mashi addu'a daga nan, Allah na ji."

Raina ya so in ce to. Wallahi ya so. Ga uzuri uwa ta ba ni, ba wanda zai ga laifina.

Sai na ji bakina yana cewa, "Inna, kin tuna ranar da Baba ya rasu? Da hanya ta ɓaci, dangi ma suka kasa zuwa? Kin tuna dogon mutumin da ya iso da zarto ɗaure a bayan mashin, ya sare itacen kabari ya jera da hannunsa, ya juya ko ruwa bai tsaya sha ba?"



Can ta ce, "Shi ne?"

Na ce shi ne.

Na ji tana jan hanci. Ta ce, "To ka tuɓe agogon nan. Ka sa tsohuwar riga. Kada ka zauna gaba. Allah shi kai ku, Allah shi maido mani kai."

Don haka zan je. Ba jarumta ba ce. Ga direba can ya tayar da mota, mutanen da suka shiga ba su cika bayan ba.

Ya Allah ka jiƙan Malam Sada. Ka yafe masa kurakuransa, ka karɓe shi a cikin shahidai, ka yalwata masa kabarinsa. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka raya jaririn nan da aka raɗa wa suna yau babu kakansa. Ka kawo mana ƙarshen wannan masifa, mutum ya fita neman halaliyarsa ya koma gida.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya tsaya ya yi masa addu'a.

Wayar nan zan bar ta a hannun mai gadi, ba a bin hanyar da babbar waya. In kun ga ban amsa muku ba, dalili ke nan. In kuma kuka ji shiru har gobe, ku haɗa da mu a cikin addu'ar.