Ƙofar Jirgin Paris

Duk wadda ta zauna gabana a shagon kitsonmu na titin 116 a nan Amurka ta ce za ta Paris, ba na barinta ta gama lissafa wuraren ɗaukar hoto. Nakan ce ta bar takalmi mai tsini a Bronx, ta ɗauki ƙaramin akwati, domin tashoshin jirginsu na ƙarƙashin ƙasa matakala ce bisa matakala, kuma ba mai ɗaukar mata kaya. Kada ta bar sayayya sai Lahadi, shaguna da yawa a kulle za ta tarar. Daga nan sai in ce, in jirgi ya tsaya ta sa hannu ta buɗe ƙofa. A nan suke dariya. Ni ranar da na koya ban yi dariya ba.

Da Inna na je, shekarar da fasfonmu ya fito. Yamai za mu, amma muka yada zango na kwana ɗaya a Paris saboda yayanta, Kawu, da ke kwance a gidan jinyar tsofaffi can gefen birni. Rabonta da shi tun kafin a haife ni. An gaya mana a waya ƙarfe biyar ake sallamar masu ziyara, jirginmu na sama kuwa da safe zai tashi. Wannan yammacin kaɗai gare mu.

Inna na da ɗan faransancinta na Damagaram, ni ba ni da ko kalma uku. Duk da haka ni ce a gaba, waya a hannu. Yarinyar da ta girma tana shiga jirgin ƙasa layin D daga unguwarmu Concourse, wa zai koya mata jirgi? Inna na biye, rungume da ledar rigar sanyi da ta saya wa Kawu a shagunan titin Fordham, tana jan gwiwarta mai ciwo.

Tun a shagon burodi ya kamata in gane garin ba namu ba ne. Na nuna da yatsa na ce biyu, kamar yadda nake yi a shagon ƙasan gidanmu. Matar ta dube ni kamar na taka mata ƙafa. Inna ta matso ta ce, “Bonjur madam.” Nan take fuskar matar ta saki. Da muka fito Inna ta ce, “Ke ko a gidan Nasara sai kin nuna ba ki iya gaisuwa ba.”

“Inna, lokaci.”

“Lokacin na ubanki ne?”

Muka shiga jirgi. Na ƙirga tashoshi daidai, ban yi kuskure ko ɗaya ba, wannan kam ina so a sani. Da muka iso tamu na ja Inna muka tsaya bakin ƙofa. Jirgi ya tsaya. Ina kallon mutane ta gilashi suna fita daga sauran taragai, tamu shiru. Na jira, kamar yadda na saba jira duk rayuwata. Ƙararrawa ta yi ƙara, jirgi ya ja, sunan tasharmu ya wuce ta gaban idona.

Inna ta ce, “To direba, mun iso ne ko mun wuce?”

“Ƙofar ce ta lalace.”

“Ta kowa lafiya lau, tamu ce kaɗai ta lalace.”

A tasha ta gaba wata dattijuwa mai jakar cefane ta miƙo hannu ta bayana, ta ɗaga wani ɗan ƙarfe da ke tsakiyar ƙofar. Ƙofa ta buɗe. Ashe tun ɗazu yana daidai cibiyata.

Komawa baya ita ce wahalar. Sai mun hau matakala, mun bi wani dogon lungu, mun sake sauka a ɗaya gefen. Inna na hawa tana hutawa, hannu ɗaya a bango. Na ce ta ba ni ledar, ta hana. Da jirgin komawa ya tsaya a tasharmu, na ɗaga ƙarfen nan da ƙarfi har sai da ya buge mini yatsa.

Biyar saura kwata muka shiga ɗakin Kawu. Ya rame, hula ta yi masa yawa. Inna ta durƙusa da gwiwar nan tata ta ce, “Yaya, ina wuni.” Ya ce, “Lafiya lau, auta. Ina gajiya?” Suka shiga gaisuwa: ya jiki, ya sanyi, ya mutanen Amurka, ya bayan rabuwa. Su kai ƙarshe su sake komowa farko. Ina tsaye ina duban agogo, raina na cewa ku yi magana mana, shekara nawa kuna tara ta. Ba su yi ba. Ta sa masa rigar, ta ja masa zif har wuya, ya riƙe hannunta yana ta cewa, “Sannu da hanya.” Ma'aikaciya ta leƙo sau biyu, a na uku muka tashi.

A hanyar komawa na ce, “Inna, na cinye miki rabin awa.” Ta ce, “Na gan shi, ya gan ni. Ki kula da ƙofa.”

Kawu bai kai wani sanyin ba, Allah ya yi masa rasuwa. Inna ta yi shekara biyu tana tsokanata a jirgin D. Duk inda muka tsaya sai ta taɓa ni da gwiwar hannu ta ce, “Direba, a buɗe mana.” Yanzu ta koma Damagaram, ta ce gwiwarta ta gaji da hawa bene. Kullum da yamma ina sauka a tashar titin 167 ni kaɗai, ƙofa ta buɗe da kanta, ba wanda ya taɓa ni.